Wace Drosera Ce Za Ta Rayu a Hannunka: Filiformis, Tracyi, Capensis ko Binata?

Drosera jinsi ne na tsirrai masu cin ƙwari wanda ke da nau'o'i sama da 200, kuma ana samunsa a kowace nahiya ban da Antatika. Duk wanda ya ga ganyenta da hantsi, lulluɓe da jajayen gashi kowanne ɗauke da ɗigo mai ƙyalli kamar raɓa, zai fahimci dalilin da ya sa mutane ke son ajiye ta a tukunya. Sai dai mai son saye yakan tarar da sunaye da yawa a gabansa, hotunansu duk masu kyau, ba tare da wani bayani a kan wadda za ta jure yanayin wurin da yake zaune ba. Huɗu daga cikin waɗanda aka fi samu a hannun masu reno sun fito ne daga dausayi da fadamun da ke kusa da teku: Drosera filiformis ta gabashin Amurka ta Arewa, Drosera tracyi ta gaɓar Tekun Meksiko, Drosera capensis ta yankin Cape a Afirka ta Kudu, da Drosera binata ta Ostireliya da New Zealand. A ganina, abin da ya kamata ya yanke hukunci tsakaninsu shi ne irin sanyi da zafin da mai reno zai iya ba su a cikin shekara, sannan kyan gani ya biyo baya.

Dukkansu hanya ɗaya suke bi wajen farauta. Ɗigon da ke kan gashin danƙo ne mai yauƙi, idan ƙwaro ya sauka sai ya manne, kuma duk motsin da ya yi don ya kuɓuta sai ya ƙara taɓo wasu gashin. Gashin da ke kewaye sukan lanƙwaso a hankali zuwa inda yake, sannan kawunansu su fitar da sinadaran da ke narkar da naman jikinsa, ganyen ya tsotse naitirojin da fosfaras ɗin da ƙasar dausayi ba ta da su. Charles Darwin ya shafe shekaru yana gwaji a kan wata 'yar'uwarsu, Drosera rotundifolia, kuma a littafinsa na 1875 game da tsirrai masu cin ƙwari ya nuna cewa ɗigon ruwan sama ba ya sa gashin motsi, alhali ɗan abu ƙanƙane mai ɗauke da naitirojin yana sa su lanƙwasa. Abincin shukar na ainihi daga hasken rana yake zuwa, kamar na kowane koren tsiro. Ƙwarin suna cike gurbin taki ne kawai.

Akwai wani kuskure da ya kamata a kawar tun kafin a shiga kwatanci. Jin cewa shukar ta gaɓar teku ce yakan sa a ɗauka tana son yashin bakin teku ko tana jure gishiri, kuma ba haka ba ne. Wuraren da take fitowa filaye ne masu yashi mai tsami, waɗanda ruwan sama da ruwan da ke tsatsowa daga ƙasa suka wanke ma'adanansu tsawon zamani. Saboda haka duk huɗun suna buƙatar ruwan sama, ko ruwan da aka tace ta hanyar turara shi, ko wanda injin tacewa ya cire wa ma'adanai, kuma masu reno sukan sa iyaka a kashi 50 cikin miliyan na narkakkun ma'adanai. Tafasa ruwan famfo ba ya magance komai, domin tururi ne ke tashi, gishirin kuma ya ƙara taruwa a cikin abin da ya rage. Ƙasar da aka saba amfani da ita ita ce ruɓaɓɓiyar gansakukar dausayi, wadda ake sayarwa da sunan peat, a gauraya ta rabi da rabi da wankakken yashi marar farar ƙasa, ba taki ko kaɗan. Ana ajiye tukunyar roba a cikin faranti mai ruwa zurfin santimita 1 zuwa 3, a inda rana za ta same ta aƙalla awa shida. A waɗannan abubuwa babu bambanci tsakaninsu, don haka wanda ba shi da hanyar samun irin wannan ruwa a duk shekara gara ya dakata da sayen kowacce.

Drosera filiformis, wadda Constantine Rafinesque ya yi wa suna a 1808, ita ce ta fi dacewa da siffar shukar gaɓar teku a cikin huɗun. Tana fitowa a bakin tafkuna masu yashi da dausayin da ke bin Tekun Atlantika, daga kudu maso yammacin Nova Scotia a Kanada, zuwa Cape Cod a jihar Massachusetts, da Long Island, da dajin itatuwan fayin (pine) na New Jersey, har zuwa North Carolina. Ganyenta sirara ne ƙwarai, a tsaye suke, sukan kai santimita 25, kuma kowane sabon ganye yana fitowa a naɗe ya riƙa warwarewa daga ƙasa zuwa sama. Idan rana ta bugo ta bayan gungun ganyen, jajayen gashin da ɗigon da ke kansu sukan haskaka gaba ɗaya, kuma ban san wata a cikin huɗun da ta kai ta kyau a wannan lokaci ba.

Sharaɗinta shi ne hunturu. Idan kwanaki suka fara gajarta, sanyi ya shigo, sai ganyenta su mutu, ta dunƙule ta zama wani ɗan toho mai gashi a saman ƙasa, ta zauna haka wata uku zuwa huɗu. Wannan hutu wajibi ne a gare ta, kuma tana son a yi shi cikin sanyin da bai wuce digiri 10 a ma'aunin Salsiyas ba. A ƙasarta ma ƙanƙara takan rufe ta ba tare da ta cutu ba. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi, don haka ko an kai ta inda babu sanyi za ta nemi dunƙulewa idan lokacinta ya yi, kuma a nan ne ake rasa ta, domin tohon da ya zauna cikin ɗumi da jiƙaƙƙiyar ƙasa ruɓewa yake yi. Wasu masu reno a ƙasashe masu zafi sukan cire tohon, su naɗe shi da gansakuka mai ɗan danshi a cikin leda, su ajiye a firiji tsawon hutun. Dabarar tana aiki, amma tana buƙatar wutar da ba ta yankewa da kuma dubawa a kai a kai saboda funfuna, kuma ba zan ba wanda bai taɓa renon Drosera ba shawarar ya fara da ita ba. Irinta ma haka yake: sai ya yi kamar mako huɗu zuwa shida cikin sanyi da danshi kafin ya tsira.

Akwai mafita guda a cikin wannan nau'in kansa. A arewa maso yammacin jihar Florida, a bakin wasu tafkuna masu farin yashi, ana samun wani reshe na filiformis da ake kira floridana, wanda jikinsa duka yakan yi ja wur a cikin rana mai ƙarfi. Tun da hunturun can ba shi da tsanani, hutunta gajere ne kuma mai sauƙi, sau da yawa ma waɗanda ake renonsu a ɗumi sukan ci gaba da fitar da ganye, irinta kuma yana tsira ba tare da an sanyaya shi ba. Wanda siffar filiformis ta shiga ransa alhali wurinsa ba shi da hunturu, wannan ita ce zai nema, kuma ya tabbatar mai sayarwa ya bambance ta da ta arewa, domin a hoto suna kama da juna.

Drosera tracyi 'yar'uwar filiformis ce ta kusa, har an daɗe ana lissafa ta a matsayin reshenta. Gidanta filayen fayin masu jiƙa ne da ke bin gaɓar Tekun Meksiko, a jihohin Georgia da Florida da Alabama da Mississippi zuwa gabashin Louisiana, filayen da gobarar daji ke sharewa lokaci zuwa lokaci ta hana ƙananan bishiyoyi rufe musu rana. Ta fi filiformis girma nesa ba kusa ba, ganyenta yakan kai rabin mita, sai dai kore ne, gashinsa ma fari-fari ko kore, ba ya yin ja komai ƙarfin rana. Furenta ruwan hoda ne kuma ya fi na 'yar'uwarta faɗi. Zafi ba ya damunta, domin a ƙasarta lokacin zafi yakan wuce digiri 32 tare da laima mai nauyi. Amma ita ma tana dunƙulewa da hunturu, kuma masu reno sun san tohonta da saurin ruɓewa idan aka bar shi tsamo-tsamo cikin ruwa; dole ne a rage ruwan farantin a lokacin, a bar ƙasar da danshi kawai. Tana dacewa da wanda ke da lokacin zafi mai tsawo da kuma 'yan watanni masu sanyi-sanyi, tare da fili a waje inda iska ba za ta riƙa kwantar da dogayen ganyen ba. A bakin taga ba ta da wurin miƙewa. Akwai kuma haɗin da aka yi tsakaninta da filiformis mai suna California Sunset, wanda ya ɗauko tsawo daga tracyi da launi daga ɗayar, kuma ya fi iyayen biyu juriya, amma bai tsira daga buƙatar hutun hunturu ba.

Abin da ya kamata mai saye ya sani game da waɗannan biyun shi ne ganyensu ba ya naɗewa a kan ƙwaro. Gashin ne kaɗai ke motsi, shi ma sai an matso kusa ake lura. Wanda abin da ya ja shi shi ne ya ga shuka tana kama abinci da idonsa, zai ji kamar an rage masa wani abu.

A nan ne Drosera capensis ta yi fice. Carl Linnaeus ya rubuta ta tun a 1753, kuma tana fitowa a fadamu da bakin ƙoramu da wuraren da ruwa ke tsatsowa a kudu maso yammacin yankin Cape, daga filayen da ke kusa da teku har gangaren duwatsu. Ganyenta dogo ne mai ɗan faɗi, tsawonsa da maƙallinsa kamar santimita 10 zuwa 15, kuma idan ƙwaro ya manne, gashin kan fara lanƙwasowa cikin 'yan mintoci, sannan ganyen kansa ya naɗe shi kamar yadda ake naɗe tabarma, ya zauna haka kwanaki kafin ya sake miƙewa. Ba ta buƙatar hutun hunturu, tana girma duk shekara muddin akwai haske da ruwa, kuma ko sanyi ya ƙone samanta ko an manta ba a zuba mata ruwa ba na ɗan lokaci, kaurin saiwarta yakan sa ta sake tohowa. Furanninta suna buɗewa ɗaya bayan ɗaya a kan kara mai tsawon kamar santimita 30, kowanne ya buɗe da safe ya rufe kafin yamma, kuma suna haɗa kansu da kansu ba tare da taimakon ƙwaro ba, su ba da iri baƙi, ƙanana ƙwarai, masu yawan gaske. Irin yakan tsira cikin mako biyu zuwa huɗu, shukar kuma ta isa fure cikin kamar shekara guda. Akwai mai siririn ganye, da mai faɗin ganye, da ja gaba ɗaya, da fara wadda gashinta ba shi da ja kuma furenta fari ne. Renonsu duka ɗaya ne.

Saboda haka ne kusan duk masu reno ke cewa da ita ake fara koyo, kuma na yarda da su, amma da togaciya biyu. Ta farko ita ce zafi. Yankin Cape yana samun ruwansa ne a lokacin sanyi, lokacin zafinsa kuma ana samun sauƙi da dare, don haka capensis ta fi walwala tsakanin digiri 10 zuwa 27. Idan zafin rana ya daɗe sama da digiri 32 kuma dare bai kawo sanyi ba, ɗigon ganyenta yakan bushe, sababbin ganye su fito ƙanana, wani lokaci saman shukar ya mutu. Ana iya rage wannan da doguwar tukunya mai farin launi wadda ba ta ɗaukar zafi, da ba ta ranar safe kawai a inuwantar da ita da azahar, amma wanda ke zaune inda zafi ke tsananta watanni a jere kada ya yarda da maganar cewa ba ta mutuwa. Togaciya ta biyu ita ce yawan irinta, wanda ke faɗawa cikin kowace tukunyar da ke kusa ya tsira har ya danne ƙananan tsirrai. Lamarin ya wuce na tukunya: a New Zealand an sa ta cikin jerin tsirran da aka haramta sayarwa da yaɗawa, saboda ta fara kama wuri a dausayin ƙasar. Wanda ke kusa da fadama ko dausayi wajibi ne ya yanke karan furen kafin irin ya nuna, kuma kada ya taɓa dasa ta a daji da sunan ƙawata wuri.

Drosera binata ta bambanta da sauran ta fuskar siffa, domin ganyenta yana rabuwa biyu a sama kamar harafin Y. Masanin tsirrai ɗan Faransa Jacques Labillardière ne ya bayyana ta a farkon ƙarni na 19. Tana bazuwa a dausayin gabashi da kudu maso gabashin Ostireliya, daga Queensland zuwa Tasmaniya, da kuma New Zealand, kuma wannan faɗin ƙasa shi ya sa sunan binata kaɗai bai isa ya gaya wa mai saye abin da yake saye ba. Mai rassa biyu, da babbar nan mai launin kore-rawaya da ake kira dichotoma wadda ganyenta ke rabuwa huɗu ko fiye, sukan janye cikin ƙasa da hunturu su dawo idan ɗumi ya shigo. Wadda ake kira multifida kuwa, mai jan ganye da rassa da yawa, daga yankin da ya fi ɗumi ta fito, kuma tana iya girma duk shekara. Ita ce nake ganin ta fi capensis dacewa da wuri mai zafi da laima. Binata ba ta dogara da iri ba, da yawa daga cikin waɗanda ake reno ma ba sa ba da iri idan su kaɗai ne, amma saiwarta baƙa ce mai kauri, kuma guntun saiwa mai tsawon santimita 5 da aka kwantar aka ɗan rufe da ƙasa yakan fitar da sababbin tsirrai cikin 'yan makonni. Aibinta shi ne cin wuri: ganyen manya sukan kai santimita 30 zuwa 60, su zubo ta kowane gefe su manne da juna da duk abin da ke kusa, shi ya sa ake yawan rataye tukunyarta.

Idan aka jera su bisa yanayin mai reno, hukuncin ba shi da wuya. Wanda ke da hunturu na gaske, har da ƙanƙara, kuma yana da wuri a waje, filiformis ta arewa za ta zauna masa shekara da shekaru ba tare da wahala ba, kuma a wurinsa ta fi capensis sauƙi, tun da ba sai ya shigar da ita ɗaki ba. Wanda yanayinsa matsakaici ne, ko wanda zai ajiye shukar a bakin taga mai rana ko ƙarƙashin fitila mai ƙarfi, capensis ce tasa. Wanda ke da zafi duk shekara ya nemi multifida ko filiformis ta Florida, ya bar tracyi da filiformis ta arewa sai ya ƙware. Inda iska ke bushewa ƙwarai ta kuma ɗauko ƙura, dukkansu za su sha wuya, domin ƙurar takan manne a danƙon ta kashe aikinsa; a irin wannan lokaci gajeriyar capensis ta fi sauƙin kārewa a bayan gilashi ko wani shinge fiye da masu dogayen ganye, kuma sabon ganyen da zai fito bayan ƙurar ta lafa zai zo da ɗigonsa.

Batun ciyarwa bai kamata ya shiga lissafin zaɓe ba. Shukar da ke waje tana kama abin da ya ishe ta, ta cikin ɗaki kuma ɗan ƙaramin ƙwaro ko ɗan garin busasshen abincin kifi sau ɗaya ko biyu a wata ya wadatar. Nama da taki a ƙasa suna kashe ta. Rashin ɗigo a ganye kusan kullum alamar ƙarancin haske ce, ko zafi mai yawa, ko ruwa mai ma'adanai, kuma fesa wa ganyen ruwa ba ya gyara ko ɗaya daga cikinsu.

Akwai wani al'amari da nake ɗauka da muhimmanci fiye da yadda masu sayarwa ke ɗaukarsa, wato inda shukar ta fito. A Kanada, filiformis tana cikin tsirran da ke fuskantar barazanar ƙarewa, domin a 'yan dausayi kaɗan na Nova Scotia kawai take, kuma abin da ke yi mata barazana shi ne janye ruwan dausayi da haƙar gansakukar da masu lambu ke saye. Filayen tracyi ma sun ragu ƙwarai saboda gine-gine da noman katako da hana gobarar da ke share su. Duk huɗun suna yaɗuwa cikin sauƙi ta iri ko guntun ganye ko saiwa, saboda haka babu wani uzuri na sayen wadda aka tumɓuko daga daji. Gansakukar ma a yi tattalinta, tukunya ɗaya takan yi shekara biyu kafin a sauya mata ƙasa. Wasu sukan maye gurbinta da ɓawon kwakwa da aka niƙa, kuma capensis da binata suna karɓarsa, da sharaɗin a jiƙa shi a wanke sau da yawa da ruwan sama, domin yakan zo da gishiri.

Lokacin saye, a tambayi cikakken sunan shukar da reshenta, a kuma tambayi ko daga iri aka raine ta ko daga guntu. Idan da hunturu aka sayi filiformis ko tracyi, toho ne kawai za a gani a tukunyar, sai a ɗan matsa shi da yatsa: mai rai yana da tauri, wanda ya yi laushi ko ya yi baƙi a tsakiya ya riga ya ruɓe. Idan capensis ce ko binata, a duba tsakiyar shukar inda sabon ganye ke fitowa, domin a nan ƙananan ƙwari masu tsotson ruwan tsiro ke ɓuya, kuma alamarsu ita ce ganye ya fito a murɗe. Shukar da ta zo ta hanyar aike takan iso ba ɗigo ko ɗaya a jikinta, kuma tsofaffin ganyen ba lalle su sake yin danƙo ba. A ba ta mako biyu zuwa uku a cikin farantin ruwa, ana ƙara mata rana kaɗan-kaɗan, a yi mata hukunci da ganyen da ta fitar bayan isowarta.